Wa Ya Taɓa Tuƙa Tuwo Da Zangarniya?

Malamaina na sashen kimiyyar ƙasa da na injiniya, ku yi mini aikin gafara, yau zan shiga gonar da ba tawa ba. Ni ɗalibin Hausa ne, iyakar sanina ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya da ɗan abin da ba a rasa ba na karin magana. Amma maganar ƙarfe ta shafi kowa, domin fartanyar da ubana ya yi noma da ita har ya biya mini kuɗin makaranta da ƙarfe aka ƙera ta. Saboda haka in na yi kure ku gyara mini a fitowa ta gaba, in kuwa na faɗi daidai, to, ku daure.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani taro da muka yi a zangon karatun da ya wuce. An gayyato wani babban baƙo, mai babbar riga da babbar murya, ya yi mana lacca a kan ci gaban Arewa. Ya ce an danne mu, an hana mu rabonmu, lalle ne gwamnatin tarayya ta mai da kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina yadda yake a da, ta kuma gina wani sabo a kowace shiyya. Ɗaki ya ɗauki tafi kamar zai tsage. Da aka ba da damar tambaya sai na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarfen da za a mulmula, daga ina zai fito?” Sai aka fashe da dariya. Shi kuwa ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa baƙauye ranar da ya fara shiga birni, ya ce, “Yaro, ai ƙasarmu cike take da ƙarfe.” Aka sake tafi, na zauna.

To, ranka ya daɗe, ga amsar da ban sami damar ba ka ba a ranar. Abin da ke cikin ƙasarmu dutse ne. Tsakanin wannan dutse da rodin da ake zuba dakali da shi akwai wani aiki mai ƙura, mai ƙara, mai cin kuɗi da wutar lantarki, wanda babu mai yanka kirtani a kansa, babu mai ɗaukar hoto a gabansa. Wannan aiki shi ne farfasa tama da niƙe ta da tace ta. Shi muka yi wa riƙon sakainar kashi tun kafin a haife ni, kuma da'awata a wannan rubutu ita ce duk wanda ya zo mana da alkawarin masana'antar ƙarfe bai fara da bayanin injin farfasa dutse ba, to, tatsuniya yake yi mana, sai mu ce masa ta zo mu ji ta.

Ni mutumin Darini ne, can yamma da Katsina wajen Batsari da Safana, kuma a garinmu ko yarinyar da ba ta fara ɗaurin ƙirji ba ta san hanyar da gero yake bi kafin ya zama tuwo. A ciro dami daga rumbu, a sussuke, a sheƙe, a surfe, a bakace dusa, a wanke, a kai niƙa, a tankaɗe. Sai bayan wannan duka ake maganar tukunya da muciya. Da wani zai zo ya saya wa uwata sabuwar tukunya da muciya da akushi da mara, sa'an nan ya jibge mata damin gero ya ce ta tuƙa, ai ko ba ta ce masa kome ba don kunya, kishiyoyinta za su faɗa masa. Tama ma haka take, watau dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa. Na fassara kalmar ne don na gwada ta a kan abokan ajina guda goma, uku kaɗai suka san ta, ɗaya ma cewa ya yi sunan wata unguwa ce.

Bari mu ɗauki taman Itakpe ta Jihar Kogi, tun da ita ce gwamnati ta ɗora gininta a kai. Masu binciken ƙasa na Tarayyar Sobiyet da 'yan Nijeriya ne suka tabbatar da ita a farkon shekarun 1970, aka ƙiyasta ta kai wajen ton miliyan 200. Amma tama ce mai ƙarancin albarka: cikin kowane kashi 100 na dutsen, wajen kashi 36 ne ƙarfe. Mafi yawan sauran ƙanƙarar dutse ce, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, mai tauri, mai cin baƙin ƙarfe kamar yadda magagari yake ci. Ƙwayoyin taman kuwa a cakuɗe suke da ita, ƙanana ƙwarai, ba a iya tsince su da hannu. Shi kuma babban tanderun Ajaokuta an tsara shi ne ya ci tama mai kashi 63 zuwa 64, na Aladja kusa da Warri ma ya fi shi tsantseni, sai mai wajen kashi 67. Ko a lissafin takarda, kafin a sami ton 1 na tatacciya sai an niƙe kusan ton 2 na dutse, a aikace kuwa abin ya fi haka, domin kullum akwai tsabar da take bin dusa.

Ga yadda surfen yake. Da fari a huda dutse a cusa nakiya a tashe shi. Manyan motoci su kwaso ɓaraguzan, waɗansu girmansu ya kai buhun gyaɗa, waɗansu sun fi, su juye a bakin injin farko. Injin farko iri biyu ne. Akwai mai muƙamuƙi, watau faifan ƙarfe biyu, ɗaya a tsaye ɗaya yana matsowa yana komawa, yana tauna dutse kamar yadda kura take yi wa ƙashi. Wani Ba'amurke mai suna Eli Whitney Blake ne ya ƙago shi a 1858 don fasa tsakuwar titi. Akwai kuma mai kama da turmi da taɓarya, sai dai ita taɓaryar ba daka take yi ba, jujjuyawa take yi tana matse dutse a jikin turmin. Manyan ma'adanai wannan suka fi so, don ya fi cin kaya. Daga nan bel ya ɗauka ya kai inji na biyu, wani lokaci har da na uku, kowanne bakinsa ya fi na baya ƙanƙanta, a tsakaninsu kuma akwai rariyar ƙarfe mai girgiza: abin da ya wuce ya wuce, abin da ya tsaya a mai da shi baya, daidai yadda mai tankaɗe take mai da tsaki wurin niƙa. In dutse ya koma tsakuwa sai a zuba shi cikin wata ƙatuwar ganga mai juyawa, a haɗa da ruwa, galibi da ƙwallayen ƙarfe a ciki, su yi ta dukansa har ya zama gari. Sai a wannan lokaci ne ƙwayar tama take rabuwa da ƙwayar ƙanƙara. Sa'an nan a raba su: tama ta fi nauyi, saboda haka in an kwarara su a wani lanƙwasasshen indararo kowacce ta kama gefenta, wani jinsinta kuma mayen ƙarfe yana jawo shi. Abin da ya rage, watau dusar, a tura shi wani tafki da aka tanada.

Mai karatu ya lura da abubuwa biyu. Na ɗaya, wannan niƙa shi ne yake shan mafi yawan wutar lantarkin ma'aikatar, kuma ba irin aikin da za a yi da wutar da ake kawowa da la'asar a ɗauke da magariba ba ne. In wuta ta ɗauke inji yana cike da dutse, sai an kwashe shi kafin ya tashi. Na biyu, dutsen ma yana cin injin. Haƙoran injin da shimfiɗar cikinsa ana yin su ne da wani ƙarfe na musamman da aka gauraya da manganis, kuma duk da haka cinyewa suke yi, a kwance a ɗaura sababbi, ƙwallayen cikin ganga su ƙanƙance a ƙara waɗansu. Ashe kuwa ƙasar da take son ta yi ƙarfe sai ta fara da sayen ƙarfe, kullum, ba fashi, tana da ma'aji cike da kayan gyara da makanikai waɗanda ake biyansu albashi a kan kari. Wannan aikin haƙuri ne irin na mai kiwo. Mu kuwa gwanaye ne wajen bikin buɗewa, ba mu iya zuba wa inji mai ranar Talata ba.

Yanzu mu duba yadda muka yi. An kafa hukumar raya ƙarafa ta ƙasa a 1971, zamanin Janar Gowon. A 1979, gab da soja su miƙa mulki, aka sa hannu da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet a kan gina Ajaokuta, a 1980 kuma Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi. Zangon farko an nufa ya riƙa fitar da ton miliyan 1.3 a shekara. A 1982 aka buɗe Aladja, aka kuma gina kamfanonin mulmula ƙarfe guda uku, a Katsina da Jos da Osogbo, kowanne da ƙarfin ton 210,000 a shekara. Namu na Katsina kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina shi. Manyanmu sun ba mu labarin murnar da aka yi, kuma ban ga laifinsu ba, samari sun sami aiki, gari ya sami suna.

Sai dai fa kamfanin mulmula akushi ne. Ba ya narkar da tama, ba ya fitar da ƙarfe. Aikinsa a kawo masa gungumen ƙarfe da aka riga aka yi a wani wuri, ya gasa, ya murza, ya fitar da rodi da waya. Daga ina gungumen zai zo? Daga Aladja, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan tirela, a kan titunan da kowa ya sani. Ita Aladja daga ina take samun tama? Daga Laberiya da Birazil, a jirgin ruwa, da kuɗin ƙasashen waje, domin a ranar da aka buɗe ta injinan tace tama na Itakpe ba su ma tashi ba, sai a farkon shekarun 1990. Ko a cikin Ajaokuta kanta haka aka yi: sashen mulmula aka fara gamawa aka buɗe a 1983, da hujjar wai cinikin rodi zai taimaka a ƙarasa sauran. Kai, jama'a! An ɗinka wa jariri rigar angwanci tun ba a yi cikinsa ba. Da farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, sai Aladja ta kasa cika cikinta balle ta ciyar da 'ya'yanta uku, su kuma suka koma aiki rabi da rabi. A zamanin mulkin Obasanjo na farar hula aka sayar da su, na Katsina ya koma hannun kamfanin Dana.

Me ya sa aka fara daga wutsiya? Masu kare abin za su ce dabarar tattalin arziki ce. Ni dai abin da na gani shi ne, tama ba ta san tsarin raba-daidai ba. Inda Allah ya ajiye ta nan take, ba ta matsawa don gwamna ya yi fushi. Kamfanin mulmula kuwa ana iya dasa shi ko'ina, a ba Arewa ɗaya, a ba Tsakiya ɗaya, a ba Yamma ɗaya, kowa ya koma gida ya ce ya kawo wa mutanensa. Irin wannan rabo ne babban baƙonmu ya zo yana neman a sake, mu kuma muka tafa masa, mu da ake kira masu ilmi.

Sauran labarin abin kunya ne, zan taƙaita. A 1994 aka ce aikin Ajaokuta ya kai kashi 98 cikin 100, amma har ranar da nake wannan rubutu babban tanderunta bai taɓa narkar da tama ko cikin cokali ba. A 2004 da 2005 aka danƙa Ajaokuta da Itakpe ga kamfanin Global Infrastructure na Pramod Mittal. A 2008 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya soke yarjejeniyar, aka shiga shari'a, injinan Itakpe suka yi tsit. A 2022, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnati ta amince ta biya kamfanin dala miliyan 496 don a kashe maganar. Na ambaci Katsinawan nan biyu ne da gangan, don kada wani ya sake tsayawa gabanmu ya ce don ba namu ne a sama ba. Namu sun hau, sun sauka, dutse yana nan. Hanyar jirgin ƙasan da aka fara a 1987 don jigilar tama daga Itakpe zuwa Ajaokuta da Warri ba a ƙaddamar da ita ba sai a 2020, kuma da fasinja aka ƙaddamar da ita. A 2023 aka ƙirƙiro ma'aikatar raya ƙarafa mai zaman kanta, a 2024 aka sake sa hannu a wata takardar fahimta da shi dai Tyazhpromexport ɗin a birnin Mosko. Allah ya sa a dace. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Don kada a ce laifin Rashawa ne, a tuna su ne suka taimaki Indiya ta gina Bhilai. An ƙulla yarjejeniya a 1955, a 1959 tanderun farko ya kama wuta, aka kuma buɗe masa ma'adanan tama na kansa a kusa. Shekara 4 ke nan. Mu mun haura 45.

To, wa yake biyan kuɗin wannan sakaci? Ku zo Darini ku gani, ko kowace kasuwar ƙauye a ƙasar Katsina. Maƙerin da yake ƙera mana fartanya da garma da lauje da gatari ba shi da wani ƙarfe sai ragowar mota: sifirin, da gindin tsohuwar ganga, da duk abin da ya tsinta wurin masu gwangwan. Farashin fartanya yana bin farashin mushen mota a Kano. Manomin da 'yan bindigar dajin Rugu suka hana shi gonarsa ta nesa, ya dawo yana karce 'yar ta bayan gida, shi ne kuma zai sayi garma da tsadar da ba ta san halin da yake ciki ba. Kamfanonin ƙarfen da suke aiki a ƙasar nan yawancinsu tsofaffin ƙarafa suke narkarwa, saboda haka ma'adaninmu na gaskiya bola ce, masu haƙar ma'adaninmu kuma ƙannenmu ne 'yan jari-bola, masu tura kura a rana da mayen ƙarfe ɗaure a igiya. Akasarinsu neman halal suke yi, Allah ya yi musu albarka. Amma inda duk ƙarfe ya zama abin farauta, dole a wayi gari murfin kwalbati ya ɓace, ƙofar makarantar firamare ta yi ƙafa, a kwance ƙusoshin hanyar jirgi. Muna cin jikinmu da kanmu muna kiransa sana'a.

Na san abin da 'yan'uwana na wannan ƙungiya za su ce, don na sha ji a bakinsu: ai kakanninmu sun narkar da tama tun Bature bai san hanyar nan ba. Gaskiya ne, kuma ina alfahari da shi. An tono wurin narkar da tama a gindin Dala wanda masana suka ce ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya, labarin gargajiya kuma ya ce maƙera ne daga Gaya, watau Abagayawa, suka fara zama wurin don neman tama. A Samaru ta Zariya, dab da Jami'ar Ahmadu Bello, John Sutton da abokan aikinsa sun tono tsofaffin tanderu a shekarun 1970. A ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, wata Bafaranshiya mai suna Nicole Echard ta tarar da maƙeran da suka san aikin a shekarun 1960, har ta ɗauke su a fim. Amma mu yi wa kakannin nan adalci, mu dubi abin da suka yi da idon basira. Sun san dutsen da za su zaɓa cikin marmara, su farfasa shi da masaba, su tsince mai kyau su zubar da banza, su sare ƙirya su yi gawayi, sa'an nan su gina tanderu. Watau su daga dutse suka fara. Ba a taɓa jin Sarkin Maƙeran da ya kafa uwar maƙera ya ɗaura zuga-zugi ya zauna jiran jirgin ruwa daga Birazil ba. Da ƙarfen Turawa ya cika kasuwa a zamanin mulkin mallaka, mai araha, ba wahalar gawayi, sai narkar da tama ta mutu, ƙira ta rage. In muna son mu yi tutiya da su, to, mu san cewa abin da muka yar daga gadonsu shi ne ainihin kan aikin.

Waɗansu kuma, masu zafin kai irin nawa, za su ce a rabu da gwamnati, a bar talaka ya haƙa ya niƙa da kansa. Kafin mu faɗi haka mu tuna da maƙwabtanmu na Zamfara. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane sun riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna dakawa a turmi, suna niƙawa da injin niƙan hatsi. Dutsen yana ɗauke da gubar dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe, yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai kuma aka yi musu magani, sai da ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta shigo aka kankare ƙasar gidaje. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Na san zinariya daban tama daban, kuma tama ba a san ta da dalma ba. Amma ƙurar ƙanƙarar dutse ma kisa take yi, a hankali, tana daskarar da huhu har numfashi ya gagara, kuma ba ta da magani. Ku tambayi matan da suke fasa tsakuwa da guduma a bakin titi irin tarin da suke kwana da shi. Farfasa dutse mai tauri aiki ne na babban inji, da ruwan kashe ƙura, da abin rufe hanci, da mai duba lafiyar ma'aikata, da hukumar da za ta rufe wurin in an ƙi. Wurinsa nesa da inda ake shanya tsaba.

Akwai hujja ɗaya ta abokan gardama da nake girmamawa. Suna cewa tamanmu matalauciya ce, tace ta da tsada. Babban tanderu yana bukatar wani irin kwal mai jure nauyi wanda namu na Inugu bai cika sharaɗinsa ba, sai an shigo da shi. Injinan Ajaokuta kuma fasalin shekarun 1970 ne, duniya ta wuce wurin. Saboda haka gara mu sayi ƙarfe daga masu yin sa da araha. Wannan magana ce ta masu hankali, kuma a kan Ajaokuta mai yiwuwa suna da rabin gaskiya. Amma a kan tama ban yarda ba. Ku dubi Muritaniya, ƙasar da ko ruwan sha wuya yake yi mata. Ta karɓe ma'adananta daga hannun kamfanin Turawa a 1974, a 1984 ta buɗe ma'aikatar Guelb el Rhein kusa da Zuwerat, inda ake farfasa tama mai tauri wadda albarkarta ba ta fi ta Itakpe ba, a tace ta da mayen ƙarfe a bushe, a ɗora a jirgin ƙasa ya ratsa hamada kilomita 700 zuwa bakin teku a Nuwadibu. Kamfaninsu na SNIM yana fitar da fiye da ton miliyan 10 a shekara. Ban yaba musu da sayar da ita ga waɗansu su narkar ba, amma dai sun iya surfe, kuma wanda ya iya surfe ranar da ya sayi tukunya zai ci tuwo. Ko a nan gida, a Gujeni ta ƙaramar hukumar Kagarko a Jihar Kaduna, kamfanin African Natural Resources and Mines ya kafa ma'aikata a 'yan shekarun nan wadda ta fara daga ramin tama, ta bi ta farfasawa da tacewa. 'Yan kasuwa ne, riba suka zo nema, kuma ya kamata a sa musu ido a kan ƙura da ruwa da haƙƙin masu gonaki. Amma mai neman riba da kuɗin aljihunsa bai fara daga wutsiya ba, wannan kaɗai ya isa a yi tunani.

Saura mu, mutanen jami'a. Malamai, ku gafarce ni, ɗalibai nawa aka yaye a sassan ma'adinai da sarrafa ƙarafa na ƙasar nan waɗanda ba su taɓa jin ƙarar injin farfasa tama da kunnensu ba, sai zanensa a allo? Mu kuma na sashen Hausa, kundaye nawa muka rubuta a kan kirarin maƙera da wasan wuta da camfe-camfen maƙera, alhali ba mu tambayi tsohon da muke hira da shi yadda ubansa yake gane tama mai kyau ba, da sunan kowane irin dutse, da awon gawayin da ake zubawa? Mun kwashi kiɗan mun bar ƙirar. Tsofaffin da suka ga wannan aiki da idonsu saura ƙalilan, a yankinmu kuma tashin hankali yana tarwatsa su zuwa Katsina da Jibiya da Maraɗi, inda babu mai tambayarsu kome. In ba mu da kalmomin da za mu bayyana wa manomin Darini abin da ake nufi da tace tama, yaya zai gane ranar da ɗan siyasa ya zo yana sayar masa da akushi?

Saboda haka ina kawo wa shugabannin wannan ƙungiya shawara biyu, kuma na fi so a tattauna su a taro na gaba maimakon gardamar launin rigar bikin shekara. Ta fari, a hutun da ke tafe kowane ɗalibi ya nemi maƙeri mafi tsufa a garinsu, ya rubuto duk kalmar da ta shafi tama da narkar da ita, mu haɗa mu kai wa 'yan sashen injiniya, mu zauna tare mu raɗa wa sassan injin nan suna da Hausa. Ta biyu, a nemi izini a haɗa kuɗin mota a je Itakpe, mu ga ramin, mu ga injinan, mu tambayi ma'aikatan da suka rage abin da ya ci, abin da ya yi tsatsa, da abin da zai iya tashi. Ni na ɗauki alkawarin ɗauko dutse ɗaya daga can, daidai cikin tafin hannu. In shugabanni suka sake gayyato babban baƙonmu, zan ajiye masa shi a kan tebur kusa da kwalbar lemonsa, in roƙe shi da girmamawa ya nuna mana ta inda ake mulmula shi.